Ƙaurin Gidanmu

Sali mahauci ya san ni tun ina goye.
Bai tambaye ni ba, ya kai wuƙa ƙirjin sa,
ya yanko inda kitse ya ratsa tsoka,
ya ɗora ƙashi guda, gyara.
"Yankan Hansatu," in ji shi. "Allah ya jiƙanta."

Sadakar arba'in ta wuce da kwana tara.
Tukunyar Inna na kife a bayan ɗaki, a Kolere,
gindi baƙi, baki ya ɗan ɓare,
murfin ma ba nata ba ne,
aro ne ya daɗe har ya zama gado.

Na yi duk abin da idona ya riƙe.
Albasa uku, a tafin hannu ake yanka su.
Daddawa da citta da masoro, turmi ɗaya.
Yakuwa a tafasa, a zubar da ruwan fari.
Gyaɗa a dama ta sai ta saki mai.
Nama ya sha wuta har ya rabu da ƙashi ba gardama.

Ɗanlami ya kai loma, ya tauna, ya dubi bango.
"Ta yi daɗi," ya ce,
irin daɗin da ake faɗi a gidan mutane.

Na sake itace. Na sake mai.
Na zargi daddawar kasuwa, na zargi ruwan famfo,
daga baya na zargi hannuna.

Sai na kira Goggo Kande a Gidar.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Kin bar shi ya kama?"
Na ce, Goggo, ban ɗaga daga murhu ba.
Ta ce, "To, ai shi ne. Kin cika hankali.

Kakanku ma'aikacin jirgin ruwa ne.
Ya bi Binuwai da kayan auduga,
ruwa ya janye, ya tsare shi wata bakwai a ƙasa.
Ran da jirgin farko ya yi kuka a tashar Garwa
Tabawa na cikin suyar nama.
Ta bar muciya, ta bar takalmi,
ta fita ba ta ko ɗaura kallabi ba.
Da suka dawo, gindin tukunya ya kama.
Ba wani naman, ba kuɗin wani,
ta kankare, ta zuba yakuwa a kai, tana jin kunya.
Ya cinye, ya suɗe, ya ce kullum haka yake so.
Ko gaskiya ya faɗa, ko kara ya yi mata,
shekara talatin ba wanda ya bincika."

Na ajiye waya, na tuna.
Duk sanda nama ya fara tsotse ruwansa
Inna takan miƙe, wai ta manta gishiri a ɗaka,
alhali gishirin na nan gefen ƙafarta.
Mu kuwa muna ƙunshe dariya, muna cewa tsufa.

Yau na ɗora, na soya, na miƙe.
Na tsaya a zaure, hannuna yana ƙaiƙayi.
Mairama ta rugo: "Umma, ƙauri!"
Na riƙe ta. Na ce, bari ya iso ƙofa tukuna.

Ɗanlami bai ce ta yi daɗi ba.
Bai ce komai ba.
Ya jawo tukunyar tsakanin ƙafafunsa
yana kankarar gindi da cokali
kamar yana ɗan shekara shida.

Da dare Mairama ta kawo littafin makaranta,
ta rubuta albasa uku, ta rubuta yakuwa,
ta ɗago: "Minti nawa ake barin sa?"
Na ce ban sani ba, 'yar nan.
Daga nan zuwa bakin kogi, a guje,
da dawowa a hankali, ku biyu.